Kano Zuwa Jidda: Yadda Tafiyar Shekaru Ta Koma Ta Awa Huɗu Da Rabi

Da kwamitin shirya wannan mujalla tamu ya nemi in ba da tawa gudummawa a fannin tarihi, sai na ga ya dace in ɗauko wata hanya wadda da wuya a sami gidan da ba ta shafa ba a ƙasar nan, wato hanyar Kano zuwa Jidda. Wasunmu sun bi ta, wasunmu sun raka iyaye filin jirgi, wasu kuwa ana nan ana tari ana jiran kira. To amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu ko nisan nan nawa ne, da kuma yadda aka yi tafiyar da kakanninmu ke yi wa sallamar mutuwa ta koma abin da ba ya cin ko rabin yini.

Bari mu fara da alƙaluma. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kilomita 3,400 ne da 'yan kai, wato kimanin mil 2,100 ga waɗanda har yanzu da mil suke lissafi. Wannan ya ninka nisan Kano zuwa Legas ta sama sau huɗu. Jirgin zamani mai gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa yakan cinye wannan tazara cikin awa huɗu da rabi, wani lokaci ta kai biyar, gwargwadon iskar da ya tarar a sama da kuma layin da masu kula da zirga-zirgar jirage suka ɗora shi a kai. Ma'ana, in maniyyaci ya tashi daga Kano, ƙanensa da ya rako shi kuma ya hau mota a lokaci guda ya nufi Maiduguri, to maniyyacin zai sauka Jidda ƙanen nan bai ga ƙofar Yerwa ba tukuna. Akwai kuma wani abu da ke rikita tsofaffinmu: agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu. Don haka wanda ya tashi ƙarfe goma na dare zai sauka agogo na nuna huɗu da rabi na asuba, ya ɗauka awa shida da rabi ya yi, in kuma ya zo dawowa sai ya ga kamar awa biyu da rabi kacal aka yi. Na sha raba gardama a kan wannan a ofishinmu, tsakanin alhazan da kowannensu ke rantsuwa da agogonsa.

Waɗanda ba su riƙa tserewa daga darasin labarin ƙasa ba za su tuna cewa ba a auna nisan jirgin sama da rula a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira, domin duniya a mulmule take. Zare ake samu a ɗora a kan ƙwallon duniya, irin wanda malami kan rungumo ya shigo da shi aji, a ja shi ya miƙe tsakanin garuruwan biyu. In ka yi haka za ka ga zaren ya bi ta kusa da Nguru, ya shafi kusurwar Jamhuriyar Nijar ta wajen Diffa, ya ratsa arewacin Tafkin Chadi, ya hau duwatsun Ennedi, ya faɗa hamadar arewacin Sudan, ya haye Kogin Nilu a kusa da Dongola, sannan ya shiga Bahar Maliya ta arewa da Fot Sudan. Ina roƙon mai karatu ya riƙe abu ɗaya a nan, domin za mu komo kansa: kimanin kashi biyu cikin biyar na wannan zare a kan ƙasar Sudan yake kwance.

Hanyar ƙafa ba ta bi wannan layi ba, saboda mai tafiya a ƙasa ruwa yake bi da mutane. A zamanin da can ma ba gabas ake dosa kai tsaye ba. Ayarin alhazai arewa yake yi, ya ratsa Sahara ta Agadas ko ta Bilma zuwa Fazzan, daga nan ya karkata zuwa Alƙahira, inda zai haɗu da babban ayarin Masar. Ta Alƙahira Mansa Musa na Mali ya bi a 1324, kuma tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi makaranta da masauki a birnin saboda mutanensu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa, yana matashi, ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas, amma da malamin zai wuce Makka sai ya mayar da shi gida saboda bai taho da izinin mahaifinsa ba, kuma Allah bai nufe shi da zuwa ba har ya rasu a 1817. Daga wannan kaɗai mutum zai gane nauyin tafiyar a wancan zamani.

Hanyar gabas, wadda ta ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, ta fi gajarta, sai dai ta daɗe tana buɗewa tana rufewa gwargwadon zaman lafiyar ƙasashen da ke kanta. Yaƙin Mahadi ya dama Sudan daga 1881 zuwa 1898. Rabe kuma ya ci Barno a 1893, ya zauna Dikwa, har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Duk da haka mutane ba su fasa kutsawa ba. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas tare da ɗimbin jama'a, aka cim masa a Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Sai bayan da Faransawa suka kama Abeshe a 1909, Ingilishi kuma suka kama Darfur a 1916, sannan hanyar ta lafa har talaka ya iya ɗaukar iyalinsa ya bi ta. Abu ne mai ɗaci a baki, amma gaskiya ne: mulkin mallakar da mutanenmu suka guje wa shi ne ya share hanyar da 'ya'yansu suka riƙa bi daga baya.

Zangunan wannan hanya sanannu ne ga duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin alhazan ƙafa. Daga Kano a bi ta Azare da Potiskum zuwa Yerwa, a wuce Dikwa da Gamboru, a haye kogi a Kusuri a shiga Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, sai Ati, sai Abeshe, a tsallaka iyaka ta Adre a faɗa Aljunaina, daga nan Alfashir, Annahud, Al'ubayyid, sannan Nilu. Jirgin ƙasa ya iso Al'ubayyid tun wajen 1912, saboda haka mai kuɗin tikiti yana iya hawa daga nan zuwa Hartum har bakin teku. A Suwakin ake killace alhazai a duba lafiyarsu, sannan a zuba su a jirgin ruwa su haye Bahar Maliya, wadda faɗinta a wurin bai wuce kilomita 300 da 'yan kai ba.

To mu ɗan yi lissafi irin na ɗan aji ɗaya. Fatake masu jakuna sukan yi kamar kilomita 25 a yini. In aka raba 3,400 gida 25 za a sami kwana 136, wato wata huɗu da rabi. Ka ga ke nan kowace awa guda ta jirgin yau wata guda ne na ƙafa, tafiyar yini guda kuwa jirgi kan shafe ta cikin abin da bai kai minti biyu ba. Mu ƙara wa hanyar ƙasa lanƙwashe-lanƙwashenta mu ce wata shida. Amma wa ya taɓa jin talakan da ya je Makka a ƙafa cikin wata shida? Shekara biyu, uku, biyar, har fiye da haka ake yi kafin a ga Jidda, a kuma yi kwatankwacinsu wajen dawowa, in an dawo ke nan. Dalili kuwa shi ne guzuri. Mutum ya bar gida da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kafin ya kai Abeshe ya ƙare. Sai ya sauke kaya ya nemi gona ya yi noman damina, ko ya shiga dako, ko ga-ruwa, ko wanzanci, ko ɗinkin hula. In malami ne ya buɗe makarantar allo. Matarsa ta ɗora kaskon ƙosai. In an ɗan tara, a ɗaura kaya a ƙara gaba zuwa wani zango, a sake zama. Saboda haka aljihun mutum ne ke auna masa nisan Makka, ƙafarsa kuwa biyayya kawai take yi.

Babban wurin da ya fi riƙe mutanenmu shi ne Jazira, ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sennar, aka buɗe manyan gonakin auduga na noman rani waɗanda ke bukatar hannaye bila adadin, musamman lokacin tsinka. Alhazan yamma su ne suka cike wannan gurbi. Mutum ya ce bari ya yi kaka ɗaya ya tara kuɗin jirgin ruwa, kaka ɗaya ta zama biyar, ya aurar da 'ya, ya gina ɗaki, bashin mai gona ya hau kansa. Wani masanin halayyar al'umma ɗan ƙasar Ghana, Bawa Yamba, ya zauna da waɗannan mutane ya fitar da littafi a kansu a 1995, inda ya nuna cewa akwai waɗanda a Sudan aka haife su, a can aka haifi iyayensu da kakanninsu, ba su taɓa ganin Makka ba, ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Hajji. Mutanen Sudan suna kiran su Fallata ko Takari. Sun bar wa ƙasar abubuwa da dama, ciki har da naman tsire, wanda a kasuwannin Sudan da sunansa na Hausa ake kiransa, wato agashe.

Kada wani ya ɗauka tafiyar daɗi ce. Akwai 'yan fashi, akwai ƙishirwa tsakanin rijiya da rijiya, akwai agana da sanƙarau. Waɗanda ba su da kuɗin fasfo da na killacewa sukan lallaɓa da dare su hau ƙananan jiragen ruwa na masu fasa-ƙwauri, a sauke su a wani gaɓar da babu kowa, wasu kuma su faɗa hannun masu sayar da mutane, domin sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya. Shi ya sa mai niyya kan biya basussukansa, ya zaga dangi ya nemi gafara, ya bar wasiyya. Duk da haka ni ina ganin hanyar ta ba da wani abu wanda jirgi ba ya bayarwa. Alhajin ƙafa yakan dawo da Larabci a bakinsa, da littattafai, da sana'a, da sanin mutane iri-iri, ya zama makaranta guda a unguwarsu. Alhajin jirgi kuwa, kafin yaƙin Sudan na 2023, yana iya ratsa samaniyar Chadi da Sudan gaba ɗaya yana barci, ya dawo bai san sunan gari ko ɗaya da ya wuce ta kansa ba.

Masu hali sun sami wata dabara tun kafin jirgin sama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya haɗa Arewa da bakin teku. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya gangara Legas, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya biyo ta mashigin Suwez zuwa Jidda, ya sauke farali ya komo gida cikin 'yan watanni. In aka auna, nisan da ya yi ya ninka na mai tafiya a ƙafa sau da dama, amma talakan da suka bar gida rana ɗaya da shi wataƙila bai wuce Darfur ba lokacin da Sarki ya dawo. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya yi nasa Hajjin a 1937, kuma don ƙarancin abin a wancan lokaci har laƙabi ya zame masa, ana ce masa Sarki Alhaji.

Shi jirgin sama, ta wannan hanya ta alhazai ya fara shigowa ƙasar nan. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, a zamanin Sarkin Kano Usman. Shugaban tafiyar shi ne Arthur Coningham, wanda daga baya ya zama babban hafsa a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso ranar 27 ga Oktoba, wato kwana shida suka yi a hanya. Da yake tankinsu ba ya ɗaukar mai da yawa, dole suka riƙa sauka zango-zango: Wadi Halfa, Hartum, Al'ubayyid, Alfashir, Abeshe, Fort Lamy, Maiduguri. Mai karatu zai lura cewa sunayen nan mun riga mun ji su. Matuƙan suna ta tafiya yamma a sama, alhazai na tafiya gabas a ƙarƙashinsu da jakuna.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar mako-mako tsakanin Hartum da Kano, tazarar kilomita 2,600, da ƙaramin jirgi mai injin huɗu ƙirar DH.86 wanda bai fi ɗaukar mutum goma ko sha biyu ba, kuma daga wannan shekara ake ƙirga tarihin filin jirgin Kano. Yaƙi ne ya girmama hanyar. Da Bahar Rum ta zama abin tsoro ga jiragen ruwan Ingila a 1940, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Ghana ta yanzu, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Aljunaina da Alfashir da Hartum har Masar. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya tsakanin 1940 da 1943. Abin lura shi ne, da Gwamnan Chadi Félix Éboué bai goyi bayan Janar de Gaulle ba a watan Agusta na 1940, da samaniyar Chadi ta kasance a rufe, da kuma duk wannan shiri bai yiwu ba. Da aka gama yaƙi sai ga filayen sauka, da rumbunan mai, da tashoshin rediyo, an bar su jere daga Kano har Nilu.

Daga nan abubuwa suka riƙa sauri. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano suka shiga harkar jigilar alhazai da manyan motoci, tafiya ta koma ta makonni, ba da daɗewa ba kuma suka fara ɗauko hayar jiragen sama. Jiragen wancan lokaci masu farfela ne, irin su DC-4 mai gudun kimanin kilomita 360 a awa, wanda lissafi ya nuna zai bukaci awa tara zuwa goma a sama, ban da tsayawa shan mai. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko a 1955, kuma daga wannan lokaci gwamnatoci suka fara sa hannu sosai cikin sha'anin alhazai. An kafa Nigeria Airways a 1958. Da jirage masu injin jet irin su Boeing 707 suka shigo, sai tafiyar ta sauko zuwa awa huɗu da rabin nan da muka sani, kuma a nan ta tsaya. Wannan batu yakan ba mutane mamaki: jirgin da ke kai alhazai a yau bai fi na shekarun 1970 gudu ba. Abin da ya ƙaru shi ne girma, da aminci, da tsimin mai. Boeing 747 irin waɗanda Kabo Air da Max Air suka yi aiki da su yana kwashe mutum wajen 500 a sawu guda.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa kujerar jirgi ta zo daidai aljihun ɗan kasuwa da manomi da ma'aikaci. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, a 1977 kuma yawan alhazan Nijeriya ya haura 100,000. A daidai wannan lokaci yaƙin basasar Chadi ya sa hanyar ƙasa ta zama kasada, sai ta mutu a hankali. Can a Jidda ma tsohon filin jirgi na Kandara da ke cikin gari ya kasa, aka buɗe sabon filin Sarki Abdul'aziz a 1981, da rumfar alhazai mai siffar tantuna 210, wadda duk wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashinta yana jiran jirgi ba zai manta da ita ba.

Saurin nan bai zo a banza ba. A ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya, ya taso daga Jidda da alhazai zai tafi Legas. Yanayi ya ɓaci a Legas aka juyo da shi Kano, wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu, kuma a lokacin ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba a duniya. Sai kuma ranar 11 ga Yuli 1991, da wani DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, shi ma na haya, ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Tayoyinsa biyu suka fashe tun yana gudu a kan titi, aka naɗe su cikin jirgi suna ci da wuta, matuƙi ya juyo zai sauka amma bai kai ba. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna an san iskar tayoyin ta yi ƙasa, amma aka sallami jirgin a haka don kada a makara. Ni wannan na biyun ya fi tsaya mini a rai, domin 'yan mintoci aka so a tsimi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Wani abin kuma da alƙaluman kamfanonin jirage ba sa faɗa shi ne zaman jira. A shekarun 1980 da 1990 ba baƙon abu ba ne maniyyaci ya kwana uku, huɗu, har mako guda a sansanin alhazai, a kan tabarma, yana jiran jirgin awa huɗu da rabi. Wajen dawowa ma haka, ko fiye, ga rigimar awon kaya. A matsayina na ma'aikacin gwamnati na san cewa irin wannan jinkiri ba daga inji yake fitowa ba. Daga takarda yake fitowa, wato kuɗin da ba a tura da wuri ba, da bizar da ba ta fito ba, da kwangilar da aka ba wanda ba shi da jirgi. An sami sauƙi sosai bayan kafa hukumar NAHCON a 2006, ko da yake ba a rasa ƙorafi. Akwai ma shekarun da ƙofar ta rufe ruf: a 1996 Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga saboda annobar sanƙarau, a 2020 da 2021 kuma annobar korona ta hana duk wani baƙo daga waje. Jirage na nan a ajiye, nisan bai ƙaru da taku ɗaya ba, amma babu mai zuwa.

Yanzu sai mu koma ga zaren nan da na ce a riƙe. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, saura makonni kaɗan a fara jigilar maniyyatan Nijeriya 95,000. Kashi biyu cikin biyar na hanyar ya toshe ke nan. Dole jirgi ya yi zagaye, ko dai ta kudu ya ɓullo ta Habasha, ko ta arewa ya ɓullo ta Masar kamar ayarin zamanin da. Tafiyar ta ƙaru da awa biyu ko fiye, kamfanonin jirage na gida suka ƙi sa hannu a yarjejeniya sai da aka amince da ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. A cikin waɗannan makonni ne kuma ɗalibanmu da ke karatu a Hartum, da yawansu 'ya'yan Arewa, suka fito a motocin safa suka ratsa hamada, suka shafe kusan mako guda a bakin iyakar Masar kafin a bar su su shiga su hau jirgi a Aswan. Wato yaran da suka tafi a cikin 'yan awoyi sun ɗanɗana kaɗan daga abin da alhazan ƙafa suka sha.

Mu dai ƙarin kuɗin kujera da ƙarin awa biyu muka gani. Jikokin waɗanda suka tsaya a hanya kuwa, a Jazira da Sennar da Darfur, yaƙin a ƙofar gidajensu ya same su. Garuruwan da tsofaffinmu ke lissafawa a matsayin zanguna su ne muka riƙa ji a labaran rediyo: an yi kisan kiyashi a Aljunaina a 2023, Wad Madani babban birnin Jazira ya faɗi a watan Disamba na wannan shekara kafin sojoji su ƙwato shi a farkon 2025. Alfashir kuwa ta faɗa hannun dakarun RSF a ƙarshen watan Oktoba na 2025, bayan ƙawanya ta kimanin wata goma sha takwas, shekara ɗari cif bayan jiragen nan uku sun sauka can sun sha mai a kan hanyarsu ta zuwa Kano.